Salansa Uku da Jinin Kawu

"Jini! Wayyo jama'a, jini! An harbi Alhaji!"

Mai suyar awara ta bakin lungu ce ta fara kwarma ihun, kafin ka ce kwabo masu shagunan layin duk sun firfito. Alhaji Muhammad Sani mai shadda yana tsaye a ƙofar rumfar walda, hannuwansa biyu a sama, farar babbar rigarsa ta yi jajir tun daga wuya har ciki. Bakinsa sai salati yake yi. Kusa da ƙafarsa wani ƙaramin janareta na ta tari yana karkarwa, wata siririyar roba kuma na wutsil-wutsil a ƙasa tana fesa masa sauran jan ruwan a takalmi.

Abdulbaƙi, ɗan ƙanwar Alhajin, wanda Alhajin ya ba aron rumfar yake walda a ciki, ya daka tsalle ya kashe injin.

"Kawu, ba jini ba ne. Wallahi zoɓo ne."

Alhaji ya sauke hannu ɗaya a hankali, ya shafa ƙirjinsa, ya dubi yatsunsa, ya kai baki ya lasa.

"Har da citta," in ji shi.

Aka bushe da dariya a layin. Shi kaɗai ne bai yi ba.

Duk Gwandu an san abin da ya hau kan Abdulbaƙi tun bara. Ƙananan janaretocin nan na masu aski da masu cajin waya, waɗanda ake zuba wa fetur a gauraye da baƙin mai, su ya ɗauki alwashin sai ya ƙera musu salansar da za ta rufe musu baki. Matsalar ita ce irin wannan inji yana da tsirfa a kan salansarsa. Ka toshe ta da yawa, hayaƙi ya koma ciki ya shaƙe shi. Ka buɗe ta da yawa, ɗanyen mai ya bi hayaƙi ya fice, ƙarfi ya tafi. Dole sai mutum ya san yadda hayaƙin ke tunkuɗa a cikin bututu. Shi ne ya ga dabara a waya: a lanƙwasa robar ƙarin ruwa, a zuba ruwa a ciki, a jona bakinta ɗaya da salansa, iyakar inda ruwan ya hau iyakar ƙarfin tunkuɗar ke nan. Da yake farin ruwa ba ya ganuwa sosai a robar, sai ya zuba zoɓon da matarsa ta aiko masa.

Laifinsa ɗaya, da ya tare Kawu yana hanyar ɗaurin aure ya ce ya tsaya ya ga abin mamaki.

"To na gani," in ji Alhaji, yana yarfe hannun riga. "Wata nawa rabona da barcin rana a zauren nan? Bango ɗaya gare mu da kai. Ga tsuntsaye can Kalgo sun sa shinkafata gaba, ga ka nan ka sa kunnena gaba. Yanzu kuma ka koma kan tufafina."

Ashiru, babban ɗan Alhaji, ɗan kasuwar albasa, ya kutso cikin mutane yana murmushi. Shi da Abdulbaƙi taubasai ne, tun suna rarrafe suke tsokanar juna, kuma ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan rumfar nan don ajiyar buhunansa.

"Baba, ai na faɗa maka," in ji shi. "Albasa ba ta ƙara, ba ta feshi. Iyakarta ta sa ka hawaye, shi ma sai ka yanke ta."

"Kai kuma warinta fa?" in ji Abdulbaƙi.

"Wari bai taɓa tada mai barci ba, bawana."

Alhaji ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Abdulbaƙi, magana ɗaya ce. Ka nuna mani salansa guda wadda zan iya zama kusa da ita hankalina kwance. In babu, ka kwashe ƙarafunanka, Ashiru shi zuba albasa."

A rumfar nan Abdulbaƙi ya fara cin gashin kansa, nan kowa ya san shi. In ya rasa ta, sai dai ya koma Birnin Kebbi yaron wani, da gemunsa da iyalinsa.

Bai gama haɗiye maganar ba wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, Hadijatu, ma'aikaciyar lafiya da ke aure a Kalgo. Labari ya riga ya isa can.

"Wa ya harbi Kawu?"

"Adda, ba wanda ya harbe shi. Zoɓo ne."

"Zoɓo ya harbe shi?"

Sai da ya yi mata bayani tun daga farko. Sannan ta ce gobe da safe a kawo mata Kawu ta auna jininsa, tsoho mai hawan jini ba a firgita shi a bar shi haka nan.

Abdulbaƙi ya tsaya da wayar a kunne. Abin awon jinin Adda ya faɗo masa a rai, irin na da ɗin nan, mai ɗamarar hannu da 'yar ƙwallon matsawa da agogo mai allura. Agogon nan ba iska yake aunawa ba? To hayaƙi ai ƙanen iska ne.

"Adda," ya ce da murya mai laushi, "agogon nan naki yana cirewa daga jikin ɗamarar?"

"Mi kake nufi?"

"Ba komai. Sai mun zo."

Washegari suka hau bas su uku. Alhaji a gaba cikin riga ruwan toka, don ya ce ya daina sa farin kaya muddin Abdulbaƙi na raye. Ashiru ya ce shi rakiya ya zo, ya ga ƙarshen wasan. Abdulbaƙi na can baya ya rungume janareta kamar jariri, ga fanka mai tsayuwa a tsakanin ƙafafunsa, ga buhu ɗauke da salansa uku suna ƙarar gwangwani duk ramin da aka faɗa.

Hadijatu na ganin kayan ta gane.

"A'a. Wallahi a'a. Da kuɗina na saye shi tun ina makaranta. Ka ɗura masa hayaƙi, gobe in auna mai ciki in ce mata ta mutu?"

"Adda, rumfata ce a kai."

Ta dubi ƙanenta, ta dubi Ashiru da ke ta washe baki. Ita ma taubashinta ne, kuma ba ta taɓa bari ya ci ta da wasa ba.

"To, da sharaɗi. Ba ya barin hannuna. A sa auduga a robar ta tare baƙin. Kuma ba a gidan nan ba, uwar mijina na kwance."

Mijinta Jibrin, wanda ke kula wa Alhaji da gonar shinkafarsa ta rani, ya matso ya buɗe baki. Ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa, aka ji wani abu kamar ana jan tabarma.

"Mi yake cewa?" in ji Alhaji.

"Muryarsa ta tafi wajen korar tsuntsayen nan jan-baki," in ji Hadijatu. "Tun da shinkafa ta fara nuna yake ihu a fadama. Cewa ya yi a tafi gona, can ba a damun kowa."

Suka ɗunguma fadama. Rana ta riga ta yi zafi. Aka shimfiɗa wa Alhaji tabarma a gindin wani mangwaro, amma bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon gonarsa. Shinkafa ta sunkuyar da kai, ta yi ruwan zinariya, a samanta kuwa jan-baki ne kamar an zuba su da kwando. Jibrin ya ɗaɗɗaura gwangwanaye a igiya tun daga wannan kunya har waccan. Ya ja igiyar, gwangwanaye suka yi kwaram-kwaram. Tsuntsayen suka ɗan tashi kamar masu gyara zama, suka koma. Wasu ma a kan igiyar suka sauka.

Hadijatu ta zaunar da Kawu, ta ɗaura masa ɗamara, ta matsa, ta sa abin saurare a kunne.

"Ɗari da saba'in. Tun ba a tada inji ba."

"Firgitar jiya ce," in ji Ashiru.

"Da shan zoɓon ya yi maimakon wanka da shi, da ya sauka."

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta koma malamar asibiti sak.

"Ku saurara. Agogo ɗaya ne, marasa lafiya biyu. Kowace salansa zan auna ta tana aiki, sannan in cire agogon in auna Kawu. Wadda ta bar inji lafiya, ta bar Kawu lafiya, ita ta ci. Kawu, ka yarda?"

"Na yarda. In an samu, rumfa tashi ce. In ba a samu ba, albasa."

Abdulbaƙi ya durƙusa ya fara haɗi. Kowace salansa ya riga ya huda ta kusa da wuyanta, ya liƙa ɗan bututun jan ƙarfe da ya ciro daga tsohon firji, mai tsawo, don hayaƙi ya huce kafin ya kai ga roba. Ya jona fanka da janareta ya saita ta ga Kawu. Ita ce shaida: in inji na da ƙarfi za ta juya da kyau, in ya gaza kowa zai gani.

Aka fara da ta kamfani, wadda injin ya zo da ita. Ya ja igiya, janareta ya kama da ƙararsa ta kullum, irin wadda ke hana hira a shagon aski. Allurar agogo ta shiga rawa, tana dukan sama da ƙasa.

"Wanga marar lafiya ba shi da natsuwa," in ji Hadijatu. Ta ɗan matse robar da yatsu biyu, allurar ta lafa, ta tsaya wajen saba'in.

"Lafiyayye ne?" Ashiru ya tambaya.

"Ni ina na sani? In mutum ne da yanzu ina sa masa ruwa."

"A inji daidai ne," in ji Abdulbaƙi. "Wannan shi ne ma'auninmu. Kar a wuce shi da nisa."

Aka kashe, aka mai da agogo jikin ɗamara. Jinin Kawu bai motsa daga inda yake ba. Tsuntsaye ma ko a jikinsu.

"Saura biyu, bawana," in ji Ashiru.

Ta biyu ita ce wadda ta yi aika-aikar jiya. Abdulbaƙi ya sa mata suna Mai Kunya. Doguwa ce, ya cika cikinta da soson ƙarfe na wanke tukunya, jiya da yamma kuma ya zare kaɗan. Duk fatansa a kanta yake. Ya yi bisimilla ya ja.

Injin ya kama, amma sai ka kasa kunne za ka ji shi. Wani ɗan gurnani kawai, kamar kyanwa ta ƙoshi. Jibrin ya zaro ido. Murmushin Ashiru ya ɗauke. Alhaji da kansa ya gyaɗa kai.

"Abdulbaƙi," in ji Hadijatu, "allurar nan tafiya take."

"Za ta tsaya."

"Ta wuce ɗari. Ta wuce Kawu. Kai, ta wuce ɗari biyu! Wanga in mutum ne sai a kira danginsa."

Fanka ta fara juyi a kasalance, har ana iya ƙirga fukafukanta. Janareta ya yi tari, ya sake yi, ya tofar da wani baƙin mai ta gindin salansa, ya mutu.

Wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan ne aka ji wata ƙara da ba wanda ya lura da ita ɗazu: cas-cas-cas-cas, ko'ina a gonar, ba tsayawa. Bakunan jan-baki ne suna ɓarar shinkafa.

Alhaji ya kasa kunne. Jijiyar goshinsa ta miƙe.

"Wagga ƙara ta mi ce?"

Jibrin ya nuna gona, ya nuna bakinsa, ya yi alamar tauna.

Hadijatu ta auna Kawu, ta cire abin saurare a hankali.

"Ɗari da tamanin da biyar. Mai Kunya ta kashe inji, ta kusa haɗawa da Kawu."

Ashiru ya tashi ya fara taka ƙasa yana auna faɗi da ƙafa.

"Mi kake yi?" in ji Abdulbaƙi.

"Ina lissafin yadda buhuna za su zauna. Ƙofar nan taka ma zan sauya ta, ta cika baƙi."

Abdulbaƙi ya kwance fulogi, ya same shi baƙi ƙirin ya jiƙe da mai, ya goge shi da gefen rigarsa. Saura guda a buhu, kuma bai taɓa tada ta ba ko sau ɗaya. Mai Tumbi. Ya ƙera ta ne da tunanin cewa babban ciki zai haɗiye ƙara: siririn wuya, sai ta buɗe kamar mazurari, ta yi ƙaton tumbi, sannan ta sake tsukewa zuwa ɗan wutsiya. Da falle-fallen tsohuwar durom ya yi ta, ba ko soso a ciki.

Ashiru na ganinta ya riƙe ciki.

"Wagga wata nawa gare ta? Adda, ki fara yi mata awon ciki."

Aka ɗaura. Hadijatu ta sauya auduga ta riƙe agogo nesa da jikinta. Abdulbaƙi ya rufe ido ya ja igiya.

Abin da ya fito daga wutsiyar nan ba a kira shi ƙara ba. Kamar an jera bindigogin toka ana tashinsu ba hutu, a cikin ɗakin kwano. Jakin wani da ke ɗaure can gefe ya tsinke igiya. Jibrin ya faɗa cikin kwatar ruwa. Fanka ta ɗauki wani irin gudu har ta tuge hular Alhaji ta jefa ta bayan mangwaro.

"Sittin!" Hadijatu ta ƙwala ihu, ba mai jin ta. "Ta tsaya cak! Lafiyarsa lau!"

Sai gonar ta tashi.

Haka kowa ya gani, kamar ƙasar ce ta ɗaga. Jan-baki suka miƙe gaba ɗaya, dubbai a kan dubbai, suka rufe rana, inuwarsu ta bi ta kan tabarma. Suka yi wani lanƙwasa a sama kamar hayaƙin gobara, suka miƙe suka haye ruwa, suka nufi fadamar tsallake. Ko ɗaya bai waiwayo ba.

Abdulbaƙi bai ga wannan ba. Kansa na ƙasa. Ya san ta ƙare, salansar da ta fi kowace dacewa da inji ita ce ta fi kowace rashin mutunci. Ya miƙa hannu ya kashe.

"Alhamdu lillahi!" in ji Ashiru, yana ihu don kunnensa ya toshe. "Baba, ka ji da kunnenka! A ba ni makulli!"

Alhaji na tsaye ba hula, bakinsa a buɗe, yana kallon shinkafarsa tana kaɗawa ita kaɗai.

"Wa ya ce ka kashe?"

"Na'am, Kawu?"

"Na ce wa ya ce ka kashe? Tada shi!"

"Kawu, zauna tukuna," in ji Hadijatu. "Sharaɗi sharaɗi ne."

Ta ɗaura masa ɗamara ta matsa. Ta dubi agogo. Ta saki iska ta sake matsawa. Ta ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Ɗari da talatin."

"Ƙarya ne!" in ji Ashiru. "Hayaƙi ya lalata shi. Ai kin faɗa da bakinki."

"To kawo hannunka mu gani."

Ya miƙa. Ta auna shi, ta dube shi da tausayi.

"Ɗari da sittin. Agogo lafiya lau yake, taubashi. Kai ne za ka rage gishiri. Da tunanin rumfar mutane."

Jibrin, yana tsamo kansa daga kwata, ya yi wata dariya marar sauti har da hawaye.

Alhaji ya karɓi hularsa daga hannun Abdulbaƙi ya kaɗe ta.

"Na ce salansar da zan zauna kusa da ita hankalina kwance. Rabona da kwanciyar hankali irin ta yanzu tun da shinkafar nan ta fid da kai. Rumfa taka ce."

Abdulbaƙi ya durƙusa zai yi godiya.

"Dakata. A Gwandu walda kawai, ban yarda a tada ko injin niƙan yaji a jikin bangona ba. Gwaji kuwa nan za a riƙa yin shi, safe da yamma, har a yi girbi. Ka gwada duk abin da kake so, amma ka riƙa rufewa da wagga mai cikin."

"Kawu, janaretan fa nauyi gare shi, ga nisa."

"Ashiru shi ɗauka maka. Tafiya na sauke jini."

Ashiru ya sunkuya zai ɗauki janaretan. Abdulbaƙi ya dafa kafaɗarsa.

"Sannu bawana. Ta hannun nan ake kama shi, kar ka ƙone."

Suna cikin haɗa kaya Hadijatu ta hango wani kwalekwale ya tsaya a bakin ruwa. Wani dogon mutum ya fito, wandonsa a naɗe har gwiwa, majajjawa rataye a wuyansa. Malfarsa da kafaɗunsa sun yi fari fat da kashin tsuntsu. Bai yi sauri ba. Ya biyo kunyar gona har gindin mangwaro, ya yi sallama, ya gaida Alhaji da ladabi, ya tambayi iyali da gajiya. Sannan ya dubi Mai Tumbi, wadda har yanzu ke fitar da ɗan hayaƙi.

"Wane ne maƙerin wagga?"

Ashiru ya nuna Abdulbaƙi da yatsa, da saurinsa.

"Madalla," in ji baƙon. "Sunana Shamsuddeen, gonata ce can tsallake. Baƙinku sun iso lafiya, suna nan suna cin abinci." Ya cire malfa ya kakkaɓe. "Ba faɗa ya kawo ni ba. Injin jirgina ma irin wanga ne, mai shan gauraye, sai dai ya ninka shi girma. Ina son ka ƙera mani irinta, mai tumbi biyu. Bakinta kuma shi kalli nan."

Abdulbaƙi ya dubi baƙon, ya dubi Kawu.

Alhaji ya koma kan tabarma a hankali, ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa Hadijatu damtsensa.